Ƙafafun Bayan Primrose

Duk wanda ya tashi a Leeds shekaru arba'in da suka wuce ya san Primrose, saniyar nan mai jan baki da ke fitowa a talabijin kowace Asabar da safe. Ba saniyar gaske ba ce, rigar yadi ce da maza biyu a ciki. Ɗaya yana tsaye riƙe da kai, ɗayan ya duƙa ya rungumi ƙugun na gaba, shi ne ƙafafun baya da wutsiya. Vernon Thwaite da Cyril Ogden ke nan. Shekara goma sha ɗaya suna aikin, ba wanda ya ga fuskarsu.

Da aka daina shirin, Cyril ya koma Bridlington yana sayar da soyayyen kifi da dankali. Vernon kuwa ya sayi kwat ya zama furodusa. Ya shirya gasar waƙa, ya shirya ta girki, har aka ba shi ofis mai kafet. Ranar da wata 'yar jarida ta tambaye shi wane ɓangaren saniyar ne shi, sai ya gyara zama ya ce, "Kai mana. Dole wani ya ja, wani ya bi."

Tun daga ranar ya zama kai. Ya faɗa a rediyo, ya faɗa wa surukansa. Matarsa Glenys, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana shafa masa man zafi a gadon baya, ba ta ce uffan ba. To, ta faɗa wa mai gyara mata gashi, amma wannan ai ba magana ba ce.

Ana nan sai gidan talabijin ya cika shekara hamsin, aka ɗora wa Vernon shirya bikin. A wurin taro sabuwar shugabar gidan, Imogen, ta sa tsohon bidiyon Primrose.

"Ku dubi ƙafafun bayan nan," in ji ta. "Kan ba abin da yake yi sai ƙifta ido. Rawar duk a baya take. Lambar girma ta bana ta mai ƙafafun baya ce. Kar ka ji haushi, Vernon, kai ma ka yi ƙoƙari."

"Ba komai," in ji Vernon. Da hannunsa ya sa aka zana sunan Cyril a jikin lambar. Washegari ya tuƙa mota har Bridlington.

"A'a, ranka ya daɗe, kan saniya da kansa," in ji Cyril yana juya kifi. "A sa gishiri?"

"Cyril, za su ba ƙafafun baya lamba."

"Na ji. Ina taya kaina murna."

"Ka san ba kai ba ne."

"Ni abin da na ji a rediyo na sani. Shekara talatin masu sayen kifi suna tambayata yadda na jure iskar da ke can baya. Jikokina an tsokane su a makaranta. Na sha wuyar gindin nan, ba zan bar ladansa ba."

"Ko taku ɗaya ba ka iya ba."

"To ka tashi ka faɗa musu, tsoho. Ai kai ke raba makirfo."

Vernon ya ci kifinsa a mota. Sai da ya biya.

Ranar biki Imogen ta ce lallai Primrose ta fito sau ɗaya kafin a ba da lambar. Vernon ya shiga kai, Cyril ya duƙa a baya. Aka buga kiɗa. Saniya ta fito ta bugi kyamara, domin Vernon bai taɓa sanin ta baki ake leƙawa ba. Bayanta kuma na jan ƙasa kamar buhun dankali. Mutum ɗari huɗu suna kallo.

"Bayana zai karye," in ji Cyril daga ciki.

"Ba na ganin komai."

"Shekara talatin kana kai, ba ka gani?"

Vernon ya ji wani yana tari a layin gaba. Zai iya jure a raina shi, amma ba a raina rawar ba. Ya ja saniya bayan labule, suka sauya wuri. Da ta sake fitowa, ƙafafun baya suka harba, suka harɗe, wutsiya ta zaga sau uku. Tsofaffi suka miƙe suna tafi, Imogen na share ido.

Aka buɗe rigar, Vernon ya fito ta baya sharkaf da gumi, a gaban kyamarar da shi ya ce a kafa a wurin. Ya karɓi makirfo ya ce, "Tun farko ni ne."

Aka yi dariya sosai. An san shi da barkwanci.

Cyril ya karɓi lambarsa, ya gode wa abokinsa da ya taimaka masa saboda ciwon baya. Jarida ta rubuta cewa Vernon ya kwaikwayi takun Cyril ba laifi, ga wanda bai saba ba.

Lambar na nan rataye a shagon kifi, kusa da kwalbar ruwan tsamin da ake yayyafa wa kifi. Vernon yanzu duk wanda ya tsaya sai ya gaya masa shi ne gindin saniya. Glenys ta sayo sabon man zafi.