Mai Zuƙar Farin Ƙuda

Sandar ta sauka a kafaɗar baƙon tun bai ɗago kai ba. Atiku ya sake ɗagawa ya sauke masa a ƙeya. Baƙon ya kife cikin kwamin tumatir, wani siririn tiyo ya faɗo daga bakinsa, farin ƙuda ya tashi daga ganye kamar an kakkaɓe buhun gari.

"Ga shi nan! Na kama shi!" in ji Atiku. "Ku taho!"

Shekarunsa saba'in da uku, amma har yau muryarsa tana kaiwa ƙarshen fadamar Dalijan. Masu ban ruwa suka bar injina suna ta ruri, suka sheƙo da fartanyoyi.

Wata biyu ke nan ƙudan nan yana cin lambuna. Ƙanana ne, farare, suna liƙe a bayan ganye. Ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, fure ya zube, tumatir ya tsaya cak. An yi feshi sau uku, an yi sau biyar, ƙuda sai ƙaruwa yake kamar fura ake ba shi. Daga nan magana ta fara yawo a kasuwar Gwandu, wai masu sayar da magani ke aiko mutane su saki ƙwarin a lambuna don hajarsu ta tafi. Atiku bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Sai yau da hantsi ya gani da idonsa: mutum a tsugune cikin lambunsa, tiyo a baki, ɗaya kan tiyon a ƙarƙashin ganye, ga 'yar kwalba cike da ƙuda a hannu.

Lawal ne ya fara isowa. Ƙato ne, mai 'ya'ya tara, kuma lambunsa ne ya fara mutuwa.

"Mi yake yi, Baba?"

"Hura su yake. Da bakinshi."

Lawal bai ƙara tambaya ba. Ya kai wa baƙon ƙafa a haƙarƙari. Sauran suka rufe shi da duka. Wani da ƙotar fartanya, wani da guntun tiyon ban ruwa, wani da hannu. Baƙon ya kare kansa da damatsa yana salati.

"Sunana Sirajuddeen! Malamin bincike ne ni! Ɗiba nake yi, ba zubawa ba! Ga takarda, na kai wa mai gari..."

Lawal ya fizge takardar ya yayyaga. Ya dunƙule hannu ya kai masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo cikin laka.

Lukuman, mai gyaran injina, shi ne ya iya boko a cikinsu. Ya zazzage jakar baƙon. Ƙananan kwalabe suka zubo, sun kai talatin, kowace da ƙuda a cikin wani farin ruwa, kowace da rubutu a jiki.

"Malisa," ya karanta. "Kalgo. Wurogauri." Ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. "Jama'a, ga garuruwan da ya gama zuba ma! Mu ne na ƙarshe!"

Suka ja Sirajuddeen da ƙafa har bakin hanya, inda ya kafe babur ɗinsa. Lukuman ya ɗauko galan ɗin fetur daga gindin inji. Ya zuba rabi a kan babur ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi, tayoyi suka fashe. Sauran fetur ɗin ya juye wa mutumin tun daga kai har gwiwa.

Lawal ya tsoma karan dawa a wutar, ya kama. Ya zo ya rusuna, ya miƙa wa Atiku.

"Baba, lambunka ne. Kai ka kama shi. Kai ne babba."

Atiku ya karɓa. Ya tako ya tsaya a kan mutumin.

"Wa ya aiko ka? Faɗi gaskiya ka mutu da ita."

Sirajuddeen ya tofar da jini. Maganar tana fita da ƙyar.

"Baba, ƙudan nan dangi-dangi ne. Ido ba ya raba su, sai an kai ɗakin gwaji. Wanda kuka sani tun da, magani yana kashe shi. Wannan baƙo ne, ba ya jin feshinku. Na same shi a Wurogauri tun kafin ruwan fadama ya janye. Ina so in san ko shi ne nan." Ya yi tari. "Da fiffikensa ba zai iso nan da wuri haka ba. A bayan ganyen dashe yake tafiya, shi da ƙwansa. Wani ya kawo dashe daga can."

"Ƙarya yake!" in ji Lukuman. "Mu dashen Baba Atiku muke dasawa tun muna yara!"

Atiku ya tsaya kamar an kafa shi.

Shekara arba'in shi ke rainon iri a fadamar nan. Idan ya isa dashe, ya raba wa kowa, ba ya karɓar ko sisi. Ubansa ma haka ya yi. Saboda haka ake rusuna masa, saboda haka ake kai masa shari'ar iyaka kafin a kai wa mai gari. Bana ruwa ya daɗe bai janye ba, ya cinye irin da ya yafa. Bai iya buɗe baki ya ce ba shi da shi ba. Ya tafi Wurogauri wurin surukinsa Ɗalha, ya ɗauko kwando shida ranar da kowa yana kasuwa, ya kafa su a kwaminsa. Bayan mako ya raba a matsayin nasa. Ya ga fari-fari a bayan ganyen. Ya ɗauka toka ce Ɗalha ya barbaɗa, yadda kowa ke yi.

Babu wanda ya sani a Dalijan. Ɗalha kuwa ba zai taɓa faɗa ba.

Karan yana ci, wutar ta kusa yatsunsa. Warin fetur ya cika masa hanci. Idan ya saki karan nan, magana ta mutu tare da mai ita.

"Baba, saki!" in ji Lawal. "Ko in sakar maka?"

Atiku ya juya ya tsoma karan cikin magudanar ruwa. Ya yi cuu, ya mutu.

"Baba, mi ke nan?"

Atiku ya bar su a nan. Ya koma cikin kwami, ya lalubo tiyon da kwalbar a cikin laka. Ya goge da bakin rigarsa, ya sa a baki. Ya juya ganye, ya kai kan tiyon. Ya hura. Babu abin da ya fita. Ya zuƙa. Ƙuda uku suka shige kwalba, suka tsaya a wani ɗan ƙyalle da aka toshe hanyar baki da shi. Ya sake zuƙa, biyar suka shiga. Ya ɗaga kwalbar sama.

"Zuƙa yake. Ba hurawa ba."

Jama'a suka matso suna leƙen kwalbar.

"To wa ya kawo mana shi?" in ji Lawal.

"Ni."

"Baba, wannan ba wurin wasa ba ne."

"Ka taɓa jin na yi wasa? Irina ruwa ya ci. Dashen da na ba ku na Wurogauri ne. Kwando shida."

Lukuman ne ya fara motsi. Ya zo ya hankaɗa tsohon a ƙirji da hannu biyu. Atiku ya faɗi zaune cikin laka, hularsa ta gangara cikin ruwa.

"Tsohon banza! Ka bari munka saida awaki muna sayen magani!"

Lawal ya ɗaga fartanya. Atiku ya dube shi ido cikin ido, bai kare kansa ba. Shi ya yanka ragon sunan Lawal. Fartanyar ta tsaya a sama, sannan ta sauka a kan injin ban ruwan Atiku. Sau ɗaya, sau biyu, har tanki ya dare. Sauran suka auka cikin lambun. Suka sare tumatir, suka tattake kunyoyi, suka datse tiyo gunduwa-gunduwa. Farin ƙuda ya tashi ya lulluɓe su, yana shiga musu ido da hanci, iska tana kwasarsa zuwa lambunan gabas.

Atiku ya miƙe. Ya ɗebo ruwa da bokiti ya yi ta sheƙa wa Sirajuddeen har warin fetur ya ragu. Ya tsince kwalaben da ba su fashe ba, ya mayar cikin jaka. Ya gwada ɗaga mutumin, ya kasa.

"Lawal. Kawo babur ɗinka."

Lawal yana haki. "Don mi?"

"In ya mutu nan, ƙafarka ce a haƙarƙarinshi."

Suka sa shi a tsakiya, Lawal yana tuƙi, Atiku yana riƙe da shi ta baya. Suka nufi Gwandu. Jinin bakin mutumin ya jiƙa bayan rigar Lawal.

A asibiti aka shiga da shi ciki a kan gado mai taya. Wata ma'aikaciya ta fito da takarda da biro. Sunanta Mubaraka, a rubuce a ƙirjin rigarta, kuma da gani ta gaji.

"Ku kuka kawo shi? Me ya same shi? Haɗari ne ko duka? In duka ne sai na kira 'yan sanda."

Lawal ya matso kusa da kunnen tsohon. Muryarsa ta yi laushi.

"Baba, ka ce babur ya kada shi. Kowa haka yake cewa. Ga ma babur ɗin can ya ƙone. Don Allah, Baba."

Atiku ya dubi ƙofar da aka shiga da mutumin. Kansa babu hula, laka ta bushe a gemunsa.

"Duka ne," ya ce.

Mubaraka ta ɗago kai. "Su waye?"

"Rubuta Atiku na Dalijan. Sandata ce ta farko."

"Sauran fa?"

"Sauran suna da baki."

Ya je ya zauna a kan benci, ya ɗora jakar kwalaben a cinyarsa. Lawal ya dubi ƙofar fita. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.