Ɓeran Gonar Kifi

Tun da ya auri 'yar gidan, surukinsa bai taɓa kiransa Injiniya ba. Abokan aiki suna kiransa haka, maƙwabta ma haka, har mai gyara masa babur. Amma tsohon, in zai yi maganarsa, sai ya ce "mai wayar nan", kamar wani mai tallan igiyar shanya. Abin yana ci wa Injiniya rai ƙwarai. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa, ita kuwa ya faɗa mata har ta haddace.

Shi ya sa da ɓarayi suka addabi gonar kifin tsohon, can nesa da gari inda ko wutar lantarki ba ta kai ba, Injiniya ya ga dama ta samu. Ya kafa dogon turken ƙarfe a tsakiyar tafkunan, ya ɗora faifan sola a kai, ya jera kyamarori suna kallon kowace kusurwa. Wayoyinsu duk suka taru cikin suwic, wani ɗan akwati mai ramuka a jere, daga nan waya guda ta kwashi hoton ta miƙa wa na'urar da ke turo shi gari. Ya rufe kayan cikin akwatin ƙarfe can sama, ya datse da ƙaton kwaɗo, ya yanke matakalan da ya hau da su, sannan ya naɗe turken da waya mai ƙaya. Ya ce wa tsohon babu mahaluƙin da zai taɓa wannan akwati, kuma kyamarorin nan ko kwaɗo ya yi tari sai sun ji. Ya ƙara da cewa shi ma ba sai ya sake zuwa ba, daga kan gadonsa zai riƙa juya komai.

Tsohon ya kamu da son abin. Kullum yana kishingiɗe da waya a hannu yana kallon kifinsa, ko abinci sai an yi masa magana sau biyu. Sunan dai bai canja ba tukuna, amma Injiniya yana ganin an kusa.

Wata rana da azahar, ya ci ya ƙoshi, yana kwance da kwamfuta a kan tumbinsa, sai dabara ta zo masa. Akwai ramukan suwic ɗin da ba a sa musu komai ba, to in wani ɓarawo mai ilimi ya zo ya cusa tasa wayar fa? Ta inda ɓarawon zai bi ya hau turken, wannan Injiniya bai tsaya tambayar kansa ba. Ya shiga rufe ramukan ɗaya bayan ɗaya daga nan inda yake. Da ma bai manna wa wayoyin alama ba ranar da ya haɗa su, don a ganinsa alama ta masu mantuwa ce. Ya rufe wannan, ya rufe wancan, ya danna na gaba da ƙarfin gwiwa. Sai allon ya tsaya cak.

Nan take ya san abin da ya yi. Ramin da ya rufe shi ne wanda layin gari ke bi, wato wanda shi kansa ya shigo ta ciki. Ya kulle ƙofa yana waje, makullin kuma yana ciki.

Bai gama salati ba wayarsa ta yi ƙara. Tsohon ne, yana cewa kifinsa sun ɓace. Injiniya ya gyara murya ya ce mai yiwuwa hadari ne ya rufe rana a can, batir ya yi sanyi. Matarsa ta ɗaga labule ta dubi ranar da ke neman fasa kan mutum, ta dube shi, ta saki labulen ta koma aikinta. Da ma ta yi magana da ya fi jin sauƙi.

Washegari ya hau babur ya kama hanya. Hanya ce mai cin taya da ƙashin baya, ya isa jikinsa duk ya yi tsami. Ba kowa a gonar, mai ba kifin abinci ya riga ya gama ya tafi. Injiniya ya zagaya turken yana leƙen faifan sola, yana girgiza kai, yana bin wayoyi da ido kamar mai neman wani laifin na daban. Yana fatan ya ga ko tsuntsu ya yi sheƙa, ko wata waya ta tsinke, ko wani abu da za a iya nunawa da yatsa. Komai lafiya lau yake, sai shi.

Ya laluba aljihu, makullin kwaɗon yana cikin wandon jiya.

Haka ya rungumi turken ya fara hawa, da tumbinsa da jakar kayan aiki. Wayar ƙayar ta yi aikin da aka sa ta, ta yage masa wando daga gwiwa har cinya, ta karce masa hannu. Ya isa sama yana haki, ya zaro guduma ya yi ta dukan kwaɗon da shi da kansa ya zaɓo don ba ya fasuwa. Da kyar ya ɓalle. Tun da aka kafa turken nan ɓarawo ɗaya tak ya taɓa gwada shi, kuma shi ne ya tsara tsaron.

Gyaran kuwa ko minti bai ci ba. Ashe jiya bai kai ga adana canjin da ya yi ba, don haka da ya zare wayar wuta ya mayar, suwic ɗin ya farka ya manta da komai, ƙananan fitilunsa suka shiga ƙyaftawa kore shar. Kashe ka kunna, abin da yake yi wa masu gyara na bakin titi dariya a kai. Da akwatin yana ƙasa, da mai ba kifi abinci ma ya yi shi tun jiya.

Ya sauko ya zauna a gindin turken yana duba yagaggen wandonsa. Kunya ta rufe shi, amma abin da ya fi damunsa shi ne me zai ce wa tsohon. Maganar hadari ba za ta yi ba. Sai ya zaro guntuwar waya daga jaka ya datse ta da filaya. Ya duba, yankan ya yi kyau da yawa, ba ɓeran da ke cizo haka. Ya waiga hagu da dama, ya sa ta a baki ya tattauna sosai, ya tofar da robar. Yanzu kam ta yi kama. Ya miƙe ya shiga gwaji da babbar murya, hannu a ƙirji.

"Baba, ɓera ne. Ka ga abin da ya yi. Wani injiniyan sai ya yi mako bai gano ba."

Ya sake gwadawa da murya mai tausayi, ya ga ta farkon ta fi, ya zagi kansa a kan ramin da ya rufe, ya hau babur.

Da la'asar ya yi wanka ya canja wando ya nufi gidan surukin, guntuwar wayar da ya tauna tana aljihu. Ya tarar da tsohon a falo, surukarsa tana gefe, da ƙannen matarsa duk sun kewaye waya guda. Da ya yi sallama suka watse, kowa yana kallon wani wuri daban, ƙaramarsu ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu. Daga cikin wayar wata murya da ya sani tana cewa wani injiniyan sai ya yi mako bai gano ba.

Sai a lokacin ya tuna cewa shi ne ya dawo da layin kafin ya sauko, kuma tsohon ba ya ajiye wayar nan.

Ya durƙusa ya yi gaisuwa, kansa a ƙasa. Tsohon ya amsa da fara'ar da bai taɓa yi masa ba, ya nuna masa kujerar da ke kusa da shi. Ya ce gaskiya aikin ya yi kyau, hoto tangaram, murya kuma kamar mutum yana cikin ɗakin, har ya tura wa abokansa masu gonaki su ga irin kayan da aka sa masa.

Sannan ya miƙo tafin hannu.

"Injiniya," in ji shi, "ba ni wayar in ga haƙoran ɓeran nan."

Shekara da shekaru yana jiran sunan nan daga wannan bakin. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ta, ya miƙa da hannu biyu.