Kunun Inna Zulai

Kwanon bai ma shiga zaure ba aka dawo mata da shi. Malam Abdurrahim ne ya tare ƙofa, ya tura shi da bayan hannu, kunun tsamiya ya ɗan zube a zanin Inna Zulai.

"Daga yau kada mu ƙara ganin kwanonki a gidan nan. Abin da kika ba Yaya ya isa."

Duk layinmu a Takur an san Inna Zulai da kunun safe take riƙe kanta tun rasuwar mijinta. An kuma san ba ta taɓa fashin aika wa maƙwabcinta Baba Bunu, tsohon masunci daga Haɗeja da ke saƙa birgi, ragar kamun kifi, yana sayarwa. Da ciwon ciki ya kwantar da shi, hannuwansa suka saki, magana ta fara kuɓuce masa, sai ƙaninsa Malam Abdurrahim ya iso da tasa fassarar: sammu ne, a kunu. Kafin a ce me, masu sayen kunu sun ɗauke ƙafa. Tukunya takan huce cike.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga murya yadda na ciki zai ji.

"Malam Bunu, ga kununka an hana!"

"A shigo da shi," in ji wata murya can ƙasa-ƙasa.

Ta wuce ta gefen Malam Abdurrahim. Tsohon yana kwance a tabarma, birgin da bai gama ba rataye a kansa. 'Yarsa Ni'imatullahi, wadda ke aiki a ɗakin gwaji a Kano, tana zaune gefe da waya a hannu. Ita ta ɗebi jinin mahaifinta a makon da ya wuce, ta kuma roƙi kunu a 'yar kwalba. Inna Zulai ta cika mata har baki, ta ce, "Ki kai Makka ma a auna."

"Baffa, yanzu suka kira ni," in ji Ni'ima. "Kunu lafiya lau. Jinin Baba ne cike da dalma, ita ta kwantar da shi."

"Wa ya gani?"

"Na'ura. Ana ɗiga abu a ciki, wuta mai tsananin zafi ta farfasa shi ƙwaya-ƙwaya, ƙanana da ido ba ya gani. Sai ta jera su bisa nauyi, yadda ake shiƙa tsaba ta faɗi kusa, ƙaiƙayi ya yi gaba. Kowane ƙarfe da nasa nauyin, ba ya ɓuya a na wani. Dalma ta fito tsibi guda."

"To wa ya zuba masa?"

Baba Bunu ya yi dariya, tari ya biyo baya. Ya nuna birgin da haɓa. Tun yana saurayi yake narka dalmar tsohon batir, ya yanka ƙanana, ya naɗe a bakin raga don ta nutse. Filaya ta raggwaye ce a wurinsa. Da haƙori yake datse kowace.

"Ni na zuba," ya ce. "Kai ma ka sha datsewa muna yara, Audu, kafin ka zama malam."

"Na'ura ba ta ganin asiri, Yaya."

"To ni ina ganin kunu. Zulai, ɗago ni."

Hannunsa ba ya riƙe ludayi, ita ta riƙe masa. Ya kurɓa sau biyu, ya ce tsamiya ta yi yawa. Ta ce bakinsa ne, nata kunun bai taɓa yin yawa ba.

Ranar Laraba bayan azahar ya cika. Allah ya jiƙansa.

Washegari da hantsi, maza na zaune a tabarmin makoki, sai ga Inna Zulai da tukunya a ka. Ba ta aika yaro ba. Ta sauke a tsakiyarsu, ta jera ludaya, ta koma ƙofar gidanta ta tsaya, hannu a ƙugu. Kowa na kallon casbinsa.

Ni'ima ta fito da birgin a naɗe cikin buhu, ta ajiye can sama kan katanga inda yara ba sa kaiwa. Gefe ɗaya ya leƙo, dalmar kowace da shatin haƙora. Malam Abdurrahim ya daɗe yana kallonsu, yana shafa dasashinsa da harshe.

Sannan ya jawo ludayi. Kunun yana ta tururi.