Littafin da Ba a Buga Ba

Nermin ta kai jaruman bakin ƙofar garin ke nan, tana shirin sako musu masu gadi, sai Girgis ya ɗaga hannu.

"Dakata tukuna. Littafin ya ƙi buɗewa."

"Wayarka ce ta tsufa," in ji Wael, "kamar mai ita."

"Tawa ma haka," Shahira ta ce, ta juyo musu fuskar wayarta.

Teburinsu ne na kowace Asabar, a gidan shayin da ke bayan tashar jirgin tiram ta Ibrahimiyya, a Iskandariyya. Wasan labari suke yi. Nermin ke ba da labarin, kowa na riƙe da jarumi guda, in rigima ta taso a jefa 'ya'yan lido, a duba abin da littafin dokoki ya ce. Littafin kuwa, Garuruwan Gishiri, ita ce ta fassara shi zuwa Larabci, saboda irin su Girgis kafinta da Turanci ya fi ƙarfinsu.

Ta buɗe manhajar littafin a tata wayar. Inda hoton bango yake a da, yanzu rubutu ne ɗan kaɗan: an daina tallafa wa wannan harshe, an gode da fahimtarku. A ƙasa kuma ga tayin sabon bugu na Turanci, wanda ake biya wata-wata.

Wael ya jawo ƙaton littafinsa na Turanci daga jaka, ya dire shi har kofunan shayi suka motsa.

"Ban faɗa muku ba? Kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ko kamfanin ya ƙone ƙurmus, yana nan a hannuna."

"To karanta mana mana, Bature," in ji Shahira. "Mu da ba mu da kawu a Landan mai aiko mana da littafi fa?"

Girgis bai yi dariya ba. Nermin yake kallo.

"Ke kika ce mu saya. Kika ce kada mu karɓi na sata, don kamfani ya ga akwai kasuwa, ya buga mana na takarda."

Gaskiya ya faɗa. Ta faɗi haka a nan, ta faɗa a Alƙahira, ta faɗa a Mansura, duk inda 'yan wasa suka taru. Har ta taɓa korar mutane daga zauren hirarsu na waya don sun raba kwafin sata. Kamfanin, can a Turai, ya yi mata alkawarin in na waya ya karɓu za a buga na takarda. Da ya karɓu, sai aka ce takarda ta yi tsada. Daga baya aka ce kuɗin jirgi. Daga nan wani kamfani babba ya haɗiye ƙaramin, saƙonninta suka daina samun amsa.

"Ai kina da shi a kwamfutarki," in ji Shahira. "Turo mana kawai, mu ci gaba da wasanmu."

"Na sa hannu a yarjejeniya. In na raba, za su iya kai ni ƙara. Kuma akwai maganar littafi na biyu da nake sa ran su ba ni in fassara."

"Littafi na biyu," Girgis ya maimaita, ya kife wayarsa a kan tebur.

Wayarta ta fara rawa, saƙo na bin saƙo. Ba ta buɗe ba, ta san abin da ke ciki. Ta tashi ta fita bakin titi, ta kira Katrin, editar da suka yi aikin tare. Sai da ta kira sau biyu aka ɗauka, ana jin kukan jariri a bayan muryar.

"Nermin, ni ma tuni aka sallame ni. Na zaci sun sanar da ke."

"Ba wanda ya ce min uffan. In ba sa son fassarar, su ba ni abata. Ni zan nemi mai bugawa a nan."

"Ba za su bayar ba. Mallakarsu ce. Sun ce in tsohon bugu yana yawo, sabon ba zai ci kasuwa ba."

"Sabon ai babu Larabcinsa."

"Babu, kuma ba su da niyya."

"To me za su yi da tawa?"

"Ba komai. Ajiyewa za su yi."

Nermin ta kashe wayar. Ta cikin gilashi tana hango Wael ya buɗe littafinsa, yana bin layi da yatsa yana juya wa Girgis da Larabcin da bai zauna ba, Girgis na gyaɗa kai irin na wanda ba ya saurare. Kalmomin da ta sha wahalar nemo musu sunan Larabci, ga shi ana mayar da su yadda suke. Ta shiga ta ɗauki jakarta.

"Ku ajiye min kujerata. Zan dawo."

"In kin ga dama," in ji Girgis.

Ta hau tiram zuwa Shaɗbi, inda shagunan kwafin takardu ke jere a gefen jami'a. Tun a hanya ta yanke shawara. Za ta buga uku, na mutanen teburinta kaɗai, in ƙara ce a kai ta.

Shagon Ammu Fikri ta nufa, dattijon da ke buga mata takardu tun tana ɗaliba. Zafin injuna da warin tawada suka tare ta daga ƙofa.

"Ustaza Nermin, ashe ana ganinku? Zauna, a kawo shayi."

"Sauri nake, Ammu. Wani littafi nake so ka buga min, amma tsakanina da kai. Sunansa Garuruwan Gishiri."

"Na wasan nan? Mayar da wayarki jaka."

Ya miƙa hannu saman kanta, tsakanin takardun ɗaliban likita da na lauyoyi, ya sauko da shi. Ga bango mai launi, an lulluɓe da roba, an ɗinke gefen da kyau. Ya ajiye mata a hannu. Bai kai na Wael nauyi ba, amma yana da nauyi.

"Tun bara wasu ɗalibai suka kawo min. Da can jefi-jefi ake nema. Yau kuwa tun safe injin bai huta ba, ban san abin da ya faru ba."

Ta buɗe tsakiya. Maganarta ce, layi bayan layi, baƙi a kan fari, ba haske a bayansa. Ba ta taɓa ganin ta a haka ba. Ta shafa shafin, da sauran ɗumin inji a jikinsa. Sai ta koma farko. Bango, daga shi sai babi na ɗaya.

"Ina shafukan farko?"

"Na cire. Sunayen Turawa ne da gargaɗin doka, wa ke karantawa? Ɓarnar takarda ce."

"Da sunan wanda ya fassara a ciki."

"Ai sun ce kwamfuta ce ta fassara shi. Kin ga zamani, Ustaza. Kuma wallahi ta yi ƙoƙari."

Nermin ta dube shi. Murmushi yake yi da zuciya ɗaya, yana karkaɗe ƙurar bangon da hannun riga. Ta so ta ce masa ita ce kwamfutar. Amma wa za ta yi wa faɗa? Duk faɗin duniya, wannan tsohon ne kaɗai ya ga aikinta ya cancanci takarda.

"Ba ni uku," ta ce.

"Don ke ce zan rage miki."

"Kada ka rage. Nawa kake sayarwa?"

Ta biya kamar kowa. Ya zuba mata su a leda, ya bi ta da addu'a har ƙofa.

A tiram ta samu kujera kusa da taga, ledar a cinyarta, wayarta na ta rawa a jaka. Ta ciro guda tana juya shafuka. A babin tafiye-tafiye idonta ya faɗa kan wani kuskure, inda masu tsara shafi suka juya layi biyu, na ƙasa ya hau sama. Ta sha rubuta wa kamfanin a kan wannan, kullum amsar ɗaya ce, za a gyara in an zo bugun takarda.

Ta lalubo biro a jaka. Jirgin na jijjiga, ta dafe shafin da tafin hannu, ta ja kibiya a gefe, ta mayar da kowane layi mazauninsa. Ta rufe, ta ciro na biyu, ta nemi shafin.