Guɗar Inna Balki

"Zuwaira! Ke Zuwaira! Akwai gishiri!"

Zuwaira ta saki taɓarya cikin turmi, ta haura guntuwar katangar da ta raba gidanta da na Inna Balki, tana gyara ɗaurin zane. Ta ɗauka gobara ce ko maciji. Sai ga tsohuwa zaune a tabarma, ta tsoma yatsa cikin miyar kuka tana lasa, idanu a waje.

"Inna, lahiya? Wallahi gabana ya hwaɗi!"

"Gishiri, ɗiyata! Na ji shi bisa halshena! Ga daudawa ma ta biyo bayanshi. Wa ya yi miyar ga?"

"Ni ce mana."

"To kin cika tonka, bakina sai wuta."

Zuwaira ta zube ƙasa tana dariya har da hawaye. Yau Inna ce ke kushe mata miya! Rabon da ta ji tsohuwar nan ta kushe wani abu tun bara, da mijin Inna ya rasu.

Inna Balki ita ce mai guɗar unguwarsu a Badagishiri. In an ɗaura aure ko an raɗa suna, ba macen da ke buɗe baki sai ita ta fara rangaɗawa. Ita ta yi a auren uwar Zuwaira, ita ta yi a na Zuwaira. Amma tun rasuwar nan ta shige ɗaka. Tuwo ta ce ƙasa ne, fura ta ce ƙasa ce, ta daina tsokanar kowa, ta rame ta yi shiru. Ga shi an sa bikin Mariama, autar Zuwaira, bayan girbi, Zuwaira kuwa ta rantse ba muryar da take so a kan 'yarta sai wannan.

Ita ta matsa wa mijinta Mutari har ya ɗora tsohuwa a amalanke ya kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba ta, ya ce wasu tsofaffi in jikinsu ya rasa wani sinadari da ake kira zinki, harshe kan mutu, rai ma ya dushe. Ya ce a gwada ba ta maganinsa, amma ba ya mayar da tsoho yaro. Da Mutari ya kai albasa Ƙonni ya biya farmasi, ya dawo da 'yar kwalba cike da fararen ƙwayoyi.

Ko ƙwayar ce, ko Allah ne ya kawo lokaci, Inna dai ta tashi. Kai, tashi kuwa! Ta fitar da tabarma ƙofar gida, ta aika a sayo mata ƙosai, ta tare mai nono ta ce ruwa ya fi nonon yawa. Mariama ta zo wucewa, ta kama mata gefen mayafi.

"Amarya, ki hwaɗa ma angon naki ya toshe kunne. Ranar nan har Illela sai sun ji ni!"

Zuwaira ta riƙa yawo a unguwa kamar ita aka yi wa kyautar Makka. Duk wadda ta gamu da ita a bakin rijiya sai ta tsayar da ita ta ba ta labarin gishiri.

Wata hantsi ta leƙo ta tarar tsofaffin unguwa sun kewaye tabarmar. Inna na ɓare ƙwaya da farce gida biyu, tana miƙa wa tsoho Labo, abokin wasanta, ya karɓa hannu biyu ya jefa baki.

"Inna! Mi nika gani haka? Magani ne hwa, ba goro ba!"

"Yo ni in ji daɗin tuwo Labo yana cin ƙasa? A ce baƙo ya zamna tabarmata in hana mishi abin da nika ci? Ba a haihe ni haka ba."

"In ya ƙare kahin biki hwa?"

"Kwantar da hankalinki. Na biki na ware shi, na adana shi wurin da ko ɓera bai sani ba."

Labo ya ce shi dai tun da ya fara sha yake mafarkin ƙarin aure, aka kwashe da dariya. Zuwaira ta so ta yi fushi, abin ya ƙi.

Ana saura 'yan kwanaki biki Inna ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, abinci ya koma ƙasa a bakinta. Zuwaira ta durƙusa gabanta ta ce ina maganin da ta ware na bikin. Tsohuwa ta nuna gindin randa. Zuwaira ta jawo wani ƙullin tsumma mai laima, irin wanda ake naɗe goro don kada ya bushe. Ta kwance. Ba ƙwaya ko ɗaya, sai farin ƙullu da ya shanye cikin zare.

"Kullum nika yayyahwa mishi ruwa," in ji Inna, tana alfahari. "Bai bushe ba ko?"

Zuwaira ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun. Ta aika aka kira majo, tana cewa Mutari ya kama motar Ƙonni yanzu-yanzu ya ƙaro magani. Majo ya saurari ƙirjin tsohuwa, ya ja Zuwaira gefe.

"Wanga ba na ƙwaya ba ne. Zuciya ce ta gaji."

Ranar ɗaurin aure gidan Zuwaira ya cika maƙil, tukwane na tafasa, mata sun sha atamfa. Maroƙi ya ɗaga murya daga waje: "An ɗaura! Alhamdu lillahi, an ɗaura!"

Mata suka yi tsit. Kowa ta san wadda ke farawa, kowa kuma ta san tana kwance bayan katanga. Wata ta zunguri Zuwaira ta ce ta ba da izini wata ta yi. Zuwaira ta girgiza kai. Shirun ya yi tsawo har aka fara kallon ƙasa.

Sai ga guɗar. Ta taso siririya daga bayan katanga, ta karye, ta tsaya. Ta sake tasowa, ta kama, ta hau sama tana karkarwa har tattabaru suka tashi daga kan rumbu.

"Ita ce! Wallahi ita ce!"

Gida ya kece da guɗa. Mariama ta fashe da kuka cikin lulluɓi, Zuwaira kuwa ta cire kallabi tana juya shi sama tana rawa, ba ruwanta da surukai.

Da azahar ta zuba miyar biki a ƙaramin kwano ta haura katanga. Inna na jingine da bango, Labo ne ashe ya sa aka fito da ita tsakar gida. Ta tsoma yatsa, ta lasa, ta lumshe ido.

"Kin ji ni?"

"Har Illela sun ji, Inna."

"To. Miyar ga gishiri ya yi kaɗan."

Zuwaira ta san miyar ta ji gishiri, amma ta ce bari ta ɗebo. Ta haura da gudu, ta kutsa tsakanin mata, ta dumbuzo a tafin hannu ta dawo tana haki.

"Ga shi, Inna."

Inna ba ta amsa ba. Kanta ya karkata kan kafaɗa, yatsan nan mai miya yana kan cinyarta, ƙirjinta ya daina motsi. A can bayan katanga ana ta kiɗan ƙwarya. Zuwaira ta zauna a gefen tabarma, hannunta a buɗe, gishirin na jiƙewa a hankali cikin tafinta.