Iya Gumsu da Ruwan Zartsi

A zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara ratsa Birniwa zuwa Nguru ba, aka yi wata damina da kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya ci ƙauyuka da dama na bakin fadama. Cikin ɗakunan da ruwa ya rushe har da na Iya Gumsu, wata tsohuwa da mijinta masunci ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Auta, wanda ke dakon buhunan gyaɗa a tashar Birniwa, ya je ya ɗauko ta a kan jaki, daga ita sai tabarmar kaba da ƙullin tufafi.

Matar Auta, Zaituna, haifaffiyar Birniwa ce, kuma a lokacin tana da ƙaramin ciki na fari. Tun kafin su iso ta shafe ɗaki da farar ƙasa, ta kafa sabuwar randa a bakin ƙofa. Uwarta ta rasu tana ƙarama, don haka ta ƙudura a ranta za ta riƙe wannan tsohuwa hannu bibbiyu.

Sai dai Iya ta ƙi sakewa. In an kawo tuwo, loma biyu ta rufe akushi. In an miƙa mata ruwa, kurɓa ɗaya ta ajiye moɗa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ba ta taɓa kushe komai ba, amma kullum ramewa take. Fatarta ta yi furu-furu, diddigenta ya fara faso. Zaituna ta sauya miya, ta ƙara daddawa, ta rage barkono, duk a banza. Ta yanke a ranta cewa girkinta ne bai karɓi surukarta ba.

Wata safiyar Jumma'a ta ce bari ta wanke mata kai ta yi mata kitso. Ta zaunar da ita a gindin ɗorawar tsakar gida, ta ɗebo ruwan rijiyar unguwa, ta cuɗa sabulun salo. Sabulun ya ƙi kumfa, sai wani tokatokan dauɗa da ke yawo a saman ƙwarya. Da aka ɗauraye, gashin ya ƙandare kamar busasshiyar kaba, matsefi ya shiga ya ƙi fita. Iya ta ɗan yi ƙara, ta yi maza ta haɗiye.

Zaituna ta saki matsefin. Ta ce, "Iya, in hannuna ne ba ya yi miki daɗi, don Allah ki faɗa mini. Tun zuwanki ba ki ci abin kirki ba."

Tsohuwa ta waiwayo, ta ga hawaye a fuskar yarinyar, ta kama hannunta. "Wayyo 'yar nan, ashe abin da ke ranki ke nan? Ba ke ba ce, ruwanku ne. Zartsi gare shi. In na sha sai in ji ya tsaya mini a maƙogwaro. Na yi shiru ne don kada a ce baƙuwa ta zo tana raina rijiyar mutane."

Zaituna ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana. Ita dai ruwa ta ji. Shi ta sha tun tana goye.

Ran nan ta tsallaka gidan maƙwabciyarsu 'Yar'azumi mai tallar dafaffen wake, ta ba ta labari. 'Yar'azumi ta ce ai ita in ba ta jefa kanwa ba, wake sai ya wuni a wuta bai nuna ba; kanwa ita ce maganin ruwan nan. Zaituna ba ta tsaya ƙarin tambaya ba. Ta dawo ta jiƙa kanwa mai yawa ta juye a randar Iya. Tsohuwa ta ji ɗanɗanon tun a leɓe, amma da ta ga yadda yarinyar ta tsaya tana kallonta da murna, sai ta shanye moɗar duka. Kafin la'asar zawo ya kama ta, ta yi ta zarya bayan gida har ƙafafunta suka kasa ɗaukarta.

Auta ya dawo daga tasha ya tarar da uwarsa a kwance, matarsa a gefe ido ya kumbura. Da ya ji abin da ya faru ya ɗaga murya: "Kanwa a ruwan sha? Ke kuwa ina hankalinki?"

Iya ta ɗago kai daga tabarma. "Kai Auta, yi mini shiru. Kai da aka haifa a bakin kogi ka san bambancin ruwan nan sarai, ka taɓa tambayata? Ita da ba ta sani ba ita ta tashi nema."

Auta ya sunkuyar da kai. Washegari, ba wanda ya sa shi, ya shigo da ɗaurin itace a ka.

Da Iya ta warware, sai aikin ya zama nasu su biyu. Suka gwada tafasa ruwan a babbar tukunya, su bar shi a rufe har ya huce. Da suka tsiyaye shi a hankali ta cikin tsumma mai tsabta, sai ga farin abu kamar gari kwance a gindin tukunyar. Zaituna ta shafo shi da yatsa ta daɗe tana kallo. Zartsin bai tafi duka ba, amma ya yi sauƙi, Iya ta fara shan rabin moɗa, sannan cikakkiya.

Na wanka da wanki kuwa, Iya ce ta tuna da toka. Bayan girbi suka ƙona karan gero, suka zuba tokar a tsohuwar tukunya da ruwa, suka bar ta ta kwanta. Ludayi ɗaya na ruwan saman a cikin ƙwaryar wanka, sai ruwa ya yi santsi a hannu. Ranar da sabulu ya fara tashi fari fat a kan Iya, tsohuwa ta yi dariya har kumfa ta shiga mata ido, Zaituna na hura mata tana ba ta haƙuri, ita ma tana dariya.

Da rani ya kama, ƙanen Iya, Kawu Umara, ya zo daga ƙauye da bandar kifi da wata babbar gora da aka toshe da tsumma. Ya ce ruwa ya ja, an sake tayar mata da ɗaki, ya zo tafiya da ita. Gorar kuwa ruwan kogi ne, don ya san halin rijiyoyin tudu.

Iya ta tsiyaya a moɗa, ta fara miƙa wa Zaituna. "Sha ki ji abin da nake faɗa miki."

Zaituna ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ɗan yamutsa fuska. "Iya, salam yake. Kamar an manta ba a sa masa komai ba."

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Iya ta karɓa ta sha sauran, ido a rufe, ta ajiye moɗar. Sannan ta ce wa ƙanenta ya koma tukuna, ba za ta bar yarinyar nan da tsohon ciki ba. Ta ce ya dawo bayan suna.

Da ya dawo bayan suna, ta ce sai an yaye. Da aka yaye ɗiyar ta yarda ta tafi, amma ta ce sai dai Zaituna ta raka ta. Haka kuwa aka yi. Zaituna ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Da suka isa mashaya ta hango faɗin kogin da jiragen masunta, sai ta ja ta tsaya ta ƙanƙame goyonta. Iya Gumsu ta cire takalmi, ta kama ta a tsintsiyar hannu, ta ce, "Taho, nan ba zurfi." Suka shiga a hankali har ruwa ya kai musu ƙwauri.