Man Gashin Raliya

Shekara uku Ɗalhatu ya yi a Doha yana rubuta kundin digiri kan tarihin haramta tabar wiwi. Ka kuskura ka taɓo masa zancen, ka shiga uku. Zai kai ka taron Janeba na 1925, inda wakilin Masar ya dage ita ke haukata mutane, ya biya da kai Amurka, inda aka liƙa ta ga baƙin haure aka haɗa har da irin da ake tufka igiya da shi, ya dire kan dokar soja ta 1966 a gida. A ganinsa tsoro da raina talaka suka fi yawa a ciki.

Korona ta kama matarsa Raliya. Ta tashi, amma gashi ya yi ta zuba, uwarta a Gusau ta ce akwai magani. Ana saura wata biyu a fara gasar kofin duniya, Ghali, ɗan garinsu Ɗalhatu, ya samu aikin gadi a unguwar West Bay ta Doha, sai Ɗalhatu ya roƙe shi ya riƙo saƙon maganin daga gida. Ghali bai buɗe ba. Wa ke buɗe saƙon mutane?

Ashe man kaɗanya ne a kwalba, an jiƙa ganyen wiwi da 'ya'yanta a ciki, yadda wasu mata ke yi tun tuni. Tsohuwa ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. A filin jirgin Doha aka riƙe Ghali.

Lauya bai ɓoye ba: in mai saƙon ya fito, wataƙila a sassauta wa Ghali, amma shi ma sai ya shiga. Ga Raliya da cikin wata bakwai. Sau biyu Ɗalhatu ya tuƙo daga unguwarsu Al Aziziya har ƙofar ofishin 'yan sanda, ya kasa kashe mota. Tsoro ne zalla, shi ma ya sani. Ghali kuwa bai kama sunan kowa ba, aka yanke masa shekaru.

Bayan kwana uku Asibi, uwar Ghali, ta kira.

"Ɗalhatu, an ce kai ka nemo masa lauya. Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya nake roƙo, tunda kai mai ilimi ne: ka gano mini wanda ya ba shi kwalbar nan."

"To, Inna," in ji Ɗalhatu. "Zan bincika."

Ta shiga sa masa albarka, shi kuma yana amsawa da amin.